Shirun Shatu a gaban surukinta

Shekara tara ke nan da rasuwar Shatu. A ƙarshen damina ta tafi, lokacin da shinkafa ta fara ja a gonakin Kura. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Sunana Falmata, ƙawarta ce ni. Ban yi boko ba, ban kuma iya doguwar magana ba. Abin da ke cikin wannan shafi ni na faɗa, aka rubuta, aka karanta mini, na ce haka ne. Dalili ɗaya ya sa na yarda a buga: an kira Shatu ɓarauniya a gaban jama'a, ta mutu ba a janye kalmar ba, kuma da hannuna a cikin rashin janyewar.

Mun haɗu a wata babbar gonar tumatir tsakanin Kura da Bunkure, ta wani attajiri da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Mu mata ne ke dashe, mu ke cire ciyawa, mu ke tsinka mu cika kwanduna. Na daɗe a wurin tun rasuwar mijina, har aka mai da ni uwar 'yan aiki. Ni ke tara mata da safe, ni ke raba faɗa. Shatu daga wata ruga ta zo, a bayan kanal. Ciwo ya shiga shanunsu ya bar musu 'yan kaɗan, mijinta ya kora su kudu neman kiwo. Ya bar ta da 'yarsu ɗaya, Hajjo, a hannun mahaifinsa, Baffa Buba. Matar da ta saba da ƙwaryar nono ta koma ɗaukar kwando.

Kakata daga Barno ta zo, kuma zanen fuskata bai ɓoye wannan ba. Ranar farko Shatu ta ƙare mini kallo ta ce, "Ashe baiwata ce ke mulki a nan."

Na ce, "Ke Bafulatana, ɗauki kwando. Nan ba a tatsa, sunkuyawa ake yi."

Daga nan muka ƙulla. Shekara uku muna aiki kafaɗa da kafaɗa, ba ranar da ba ta kira ni baiwarta ba, ni ma ban bar ta ba.

Filako, kunyar nan ta Fulani, ya yi mata yawa, na sha faɗa mata. Idan muka zauna gindin mangwaro da rana muka buɗe ɗanwake ko rogo da ƙuli, sai ta juya mana baya kafin ta kai loma. Ƙaya ta taɓa shige mata tafin ƙafa, ta yi aikin yini ba ta ce uffan ba, sai da na ga jini a kan ƙasa. Idan Baffa Buba ya biyo bakin kanal da sandarsa, tun daga nesa take sauka daga hanya, ta durƙusa, ta kau da kai har ya wuce. Ba ta kama sunansa. Akwai wani Buba mai sayar da rake a bakin titi, shi ma ba ta kiransa, sai dai ta ce "mai rake". Na yi mata dariya a kan haka sau da yawa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban sani ba. Na sani sarai.

Mai ba mu umarni a gonar shi ne heluma. Ba zan kama sunansa ba, yana da 'ya'ya. Shi ke raba layi da safe, shi ke karɓar kwando ko ya ƙi. Matan ruga su biyar ne a cikinmu, kuma kullum layin ƙarshe ne nasu, can nesa da inda mota ke tsayawa. Idan an yi feshi jiya, gefen da warin magani bai sauka ba shi ne nasu. Kwandonsu kuwa sai ya zazzage shi ya ce akwai ruɓaɓɓe. Duk ranar da aka ce shanu sun shiga gonar wani, ko a wane gari ne, a kansu zai huce. "'Yan daji," haka yake kiransu. Mu sauran mun ji, mun sunkuyar da kai, domin layin kusa daɗi gare shi.

Sai ya fara aiken Shatu sito ita kaɗai, wai ta kwaso kwanduna. Sau biyu ta ce mini, "Baiwata, raka ni." Na raka ta. Rana ta uku ya tura ni can ƙarshen gona duba ban ruwa. Zuciyata ba ta kwanta ba, na baro aikin na dawo. Na same shi ya tare ƙofar sito da jikinsa, ya riƙe mata wuyan hannu, ɗaya hannun yana jan zanenta. Ba ta yi ihu ba. Kwando ta ɗaga ta maka masa a fuska. Da ya juyo ya gan ni sai ya sake ta, ya ce mu biyun mu koma bakin aiki.

Washegari, kafin a raba layi, ya tsaya a kan bulo ya ce an saci takin zamani a sito, kuma Shatu kaɗai ke shiga. Ya sa aka kwance ƙunshin zanenta a gaban mata da masu lodi. Ba a samu komai ba sai ƙullin gari. Ya ce ai ta riga ta kai ruga. Ya ce kada ta sake taka gonar. Ta ɗaure ƙunshinta ta tafi, ba ta waiwayo ba. Kafin sati, ko'ina ta nemi aiki labarin ya riga ta isa.

A yau idan na ga 'yan matan da nake tarawa, sai in tuna da wannan safiya. Kusan kowacce da waya a cikin hijabi. Kwanan baya wani heluma ya soma yi wa wata maganar banza, ta ciro waya ta ce, "Maimaita, ban ɗauka da kyau ba." Ya haɗiye sauran. Da Shatu na nan da ta rufe baki da gefen mayafi ta ce yaran yanzu ba su da ta ido. Daga baya kuma, a hanyar gida, na san da ta ce in sake ba ta labarin.

A lokacinmu ba mu da wannan. Rediyo muke da ita. A nan na ji wata mata tana bayanin cewa akwai ƙungiya a Kano da ke tsaya wa ma'aikatan da aka ci zarafinsu, ko da 'yan ƙwadagon gona ne, ko da ba su da takardar ɗaukar aiki. Na shiga mota na tafi. Na yi ta tambaya har na sami ofishin. Aka haɗa ni da wata Malama Rabi, mace siririya mai tabarau. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Iya, na ji naki. Amma sai na ji daga bakinta, kuma sai in ta yarda."

Sau uku ta zo gidana kafin Shatu ta buɗe baki. Zuwan farko gaisuwa kawai suka yi. Na biyu Shatu ta yi maganar layin ƙarshe da feshi. Na uku Malama Rabi ta ce in fita, na fita na zauna a zaure. Da na dawo idon Shatu ya yi ja, babban yatsanta da tawadar da ta dangwala wa takardar bayaninta. Ta faɗi komai, har abin da ya riga wanda na gani. Malama Rabi ta ce abu biyu za mu nema: a janye maganar sata a gaban mutane kamar yadda aka yi ta, a kuma mai da ita bakin aiki ƙarƙashin wani heluma. Shatu ta ce na farkon ya ishe ta.

Malama Rabi ta rubuta wa masu gonar, ta bi da ƙafa, ta sake bi. Daga ƙarshe manaja ya yarda a zauna a ofishin gona, da wakilin dagaci a matsayin shaida. Ana jibi zaman ta ce mini, "Ki zo da wani nata, kada ta ga ita kaɗai ce." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ita 'yar birni ce, a ranta wata 'yar uwa mace take nufi. Ni kuwa na zauna na yi nawa lissafin. Na ce ɗaki ne da maza za su cika, kuma na san maza ba sa jin maganar mace sai da namiji a bayanta. Na ce wane namiji ne ya fi surukinta nauyi, dattijo mai furfura wanda ko dagaci ke miƙa wa hannu? Na tafi ruga da kaina, Shatu tana rafi. Na ce wa Baffa Buba za a yi zama a kan sharrin da aka yi wa matar ɗansa, ana bukatarsa. Ban gaya wa Shatu ba. Na so ta gan shi ta ji ƙarfi.

Ya riga mu zuwa. Ya sa farar rigarsa ta sallah, ya naɗa rawani, ya tako da ƙafa tun daga ruga. Suka ba shi kujera kusa da wakilin dagaci. Muna shiga Shatu ta gan shi. Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ta durƙusa a nan inda take, ta ja mayafi ta rufe fuska. A lokacin na gane abin da na yi, kuma ba hanyar komawa. Wa zai ce wa dattijo ya tashi ya fita bayan ni na gayyato shi?

Manaja ya duba agogo ya ce a fara, motoci na jiran lodi. Malama Rabi ta matsa kusa da ita ta ce, "Shatu, faɗa musu abin da ya faru a sito, kamar yadda kika faɗa mini." Shiru. Ta sake tambaya a hankali. Shiru. Ta buɗe jaka ta ciro takardar ta ce to ita za ta karanta. Shatu ta miƙo hannu daga cikin mayafi ta damƙe takardar, ta girgiza kai. A ce an taɓa zanenta, a gaban uban mijinta, ko daga bakin wa maganar ta fito, a wurinta duk ɗaya ne.

Na miƙe na ce ni na gani da idona. Na fara faɗa. Heluma ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, wadda aka ce an yi wa ga ta nan ba ta ce an yi mata ba. Wannan kuma wace ce? Lauyar Fulani?" Masu lodi da ke leƙe ta taga suka bushe da dariya.

Malama Rabi ta gane akwai matsala ko da ba ta san mene ne ba. Ta roƙi a ɗage zaman, ko a bar mata su shiga wani ɗaki da wakilin dagaci. Manaja ya ce ya ba da rana guda, ba zai ba da biyu ba. Wakilin dagaci ya tambayi Shatu sau uku ko tana da magana. Da ba ta amsa ba ya shafa fatiha, ya ce kowa ya yi haƙuri. Baffa Buba ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ya bi ta gefenta bai dube ta ba.

A bakin kanal na gaya wa Malama Rabi ko wane ne dattijon a wurin Shatu. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Ta ce laifinta ne da ba ta tambaya ba. Na ce ta bar mini laifina. Ba ta saki maganar ba. Ta dawo ta ce akwai ofishin gwamnati mai kula da ƙwadago, akwai kotu, za ta raka mu duk inda za a je. Shatu ta ce, "Malama, Allah ya saka. Ya isa." Ta ce idan aka je gaba, maganar za ta dawo ruga a bakin kowa. Malama Rabi ta ce ba za ta taka ko taki ɗaya ba sai da yardarta, ta bar mata lambar waya a 'yar takarda.

Shekara biyu ta yi bayan nan. Tana sarin nono a hannun wasu tana kaiwa kasuwa. Wani lokaci mata na matsar da kayansu idan ta zauna. Ni ban bar gonar ba. Ina da bakuna huɗu a gida, na ci gaba da gaishe da heluma kowace safiya. Wannan ma a rubuta shi.

Da zazzaɓi ya kwantar da ita na je. Na zauna a bakin gadon kara na ce, "Shatu, ni na kashe miki magana."

Ta ce, "Yo dama me ake jira daga Babarbariya? Baiwa ai sai an nuna mata." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Don ki taimake ni kika yi. Ba ni ruwa."

Na ba ta. Bayan kwana huɗu aka aiko ta rasu.

Abubuwa sun canza, wasu kuma suna nan. Gonar ta koma hannun wani. Heluman ya bar garin, na ji har ya je Makka. Matan ruga har yanzu su ake fara sallama idan aiki ya ja baya. Amma mutanen Malama Rabi suna zuwa yankinmu a kai a kai, kuma mata sun san hanyar ofishinsu. Duk matar da za a yi zama a kanta, sai an keɓe da ita tukuna an tambaye ta: wa kike so ya shigo, a gaban wa ba za ki iya magana ba? Malama Rabi ta ce tun daga ranar Shatu ta sa wannan a gaba da komai. Idan zaman na kusa da mu ne, ni suke kira in zauna a bakin ƙofa. Na mai da suruki, na mai da kawu, na taɓa mai da liman. Ina ba su tabarma a inuwa in ce su yi addu'a daga nan. Wasu na zagina. Ba ya damuna.

Da na bar maganar a haka, da ban zo jarida ba. Amma bana Hajjo, 'yar Shatu, wadda ta zama budurwa, ta je neman aikin shanyar shinkafa a wani injin casa. Wata mata ta dube ta ta ce wa sauran, "Ku kula da buhunanku, 'yar Shatu ce." Hajjo ta zo gidana ta tsaya a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba, halin uwarta. Ta ce, "Inna Falmata, da gaske ne?"

Na gaya mata komai. Sannan na ɗauki mayafi na tafi ruga, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Baffa Buba na nan da rai. Idonsa ya tafi, yana zaune a kan buzu a inuwar bukka. Na gaishe shi na faɗi ko ni wace ce. Na ce, "Baffa, zan faɗi maganar da ba a faɗa wa suruki. Wadda za ta ji kunya ta riga mu gidan gaskiya." Na faɗa masa abin da na gani a ƙofar sito, ban rage ba.

Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Falmata, tun da ta rufe fuska na gane. Na haifi 'ya'ya mata."

Na ce, "To me ya hana ka tashi?"

Ya ce, "Na so in tashi. Har na dafa sanda. Sai na ce idan na fita na bar ta a durƙushe, za su ce gidanmu ya yarda ta yi sata. Na zauna don in tsaya mata."

Ya zauna don ya rufa mata asiri, ta yi shiru don ta girmama shi, ni kuma na haɗa su a ɗaki ɗaya don in taimaka. Mu ukun nan ba wanda ya nufe ta da sharri. Mai sharrin ya koma bakin aikinsa a ranar.

Na ce masa ina so a buga. Na ce za a ji sunansa, za a ji na matar ɗansa. Ya ce, "Ni na gama da kunyar duniya. Ki ce ni Buba na ce. Ranar Juma'a kuma a kai ni masallaci, zan faɗa da bakina." An kai shi. Bayan an sallame ya miƙe, wani ya riƙe masa hannu, ya faɗa. Ni ina waje, ban ji ba. Waɗanda suka ji sun ce muryarsa ba ta yi rawa ba.

Ban san abin da ya rage na mutum bayan shekara tara ba. Bukkarta ta rushe, an shuka masara a wurin. Takardar da ta dangwala wa yatsa tana cikin jakar Malama Rabi, ba a taɓa karanta ta a gaban kowa ba, kuma ba za a karanta ba, domin ba ta ba da izini ba. Abin da na faɗa a nan wanda idona ya gani ne kawai. Ta bar 'ya mai tafiya irin tata. Ta bar mata da yawa da suka faɗi abin da aka yi musu a ɗakin da aka fitar da wanda ya kamata a fitar, ba su ma san sunanta ba. Ni kuma ta bar ni ba mai ce mini baiwa.

Ga mutanen Kura da Bunkure da duk wanda ya taɓa matsar da kayansa: Shatu matar ɗan Buba ba ta ɗauki takin kowa ba. An kore ta ne don ta ƙi. Ni Falmata na gani, surukinta ya shaida. Allah ya haskaka kabarinta, ya yafe mana mu da muka yi latti.